A bar samari da ɗinkinsu, manya ne suka rasa nasu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi albarkacin bakina a kan maganar da ke tasowa duk lokacin da Sallah ta ƙarato, wato kukan da iyaye da malamai ke yi da ɗinkin samarin yanzu. A ce riga ta matse, wando ya tsuke, hula an karkata ta gefe guda. Ni tela ne. A Fagge na koyi sana'ar a shagon ƙanin mahaifina, lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, ke yawo a gari, kuma har yau ban ajiye almakashi ba, sai dai yanzu yanka nake yi, yara su hau keke. Abin da nake gani daga kan teburin yanka shi ne, an kai kukan nan inda ba can ciwon yake ba. Samari suna sa kayan samari, haka aka saba tun kaka da kakanni. Waɗanda suka rasa suturar shekarunsu mu ne manya.

Ina da tsofaffin littattafan awo a ƙasan teburin nan, wasu bangonsu ya cinye. Akwai mutanen da sunansu ya fara shiga ciki ranar da mahaifinsu ya riƙo hannunsu ya kawo su, yau kuma su ke kawo jikoki. In ka bi awon mutum ɗaya daga shafi zuwa shafi, za ka san lokacin da ya yi aure, da lokacin da kasuwa ta buɗe masa, da lokacin da ciwo ya kama shi.

A awon farko yaro ba ya magana. Uba ne zai ajiye yadi biyu a kan tebur ya ce, "Malam, a sakar masa, zai girma a ciki." Sai mu bar kalmasa mai faɗi a gindin riga da ƙafar wando, yadda baɗi za a warware a ƙara tsawo. Ranar Idi ka ga 'yan gida ɗaya su uku ko huɗu cikin yadi iri ɗaya, hannun riga ya rufe yatsu, hula ta sauko har kunne, suna tafe suna kallon sababbin takalmansu. Sauran kwanakin shekara kuwa kayan makaranta ne da na Islamiyya da abin da aka zaɓo a gwanjon Ƙofar Wambai. Babbar riga ta farko, ga wanda Allah ya ba sa'a, ranar saukar Alƙur'ani ce, a naɗa masa rawani, ya zauna a tabarma yana ta fama da hannun rigar da ke zamewa daga kafaɗa.

Daga shekara 15 ko 16 zai fara zuwa shi kaɗai. Na yanzu da waya yake shigowa, ya buɗe hoto ya miƙo: "Baba, irin wannan nake so, don Allah kada ka sake ta." Kafaɗa daidai wa daida, hannu mai maɓalli, aiki ɗan siriri a ƙirji, wando ya tsaya a idon sawu. Wannan shi ne abin da ake ta kuka da shi. To amma waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1970 su tuna abin da muka ɗinka musu. Wando ya kama cinya sannan ya buɗe a ƙasa yana share hanya, riga mai faffaɗan kwala, takalmi mai tudu, gashi an tara shi tuli a ka. Iyayenmu sun ce duniya ta zo ƙarshe. Yau cikin masu wancan wandon akwai limamai da masu unguwanni, wasu su ne ke kan gaba wajen faɗan. Daga 1979 kowa doguwar hula irin ta Shagari yake nema. Wajajen 1998 tazarce ta shigo, riga har ƙasa, saurayin da bai da ita ba ya son zuwa zance. Sai ɗinkin da ake kira sanata, sai jar hula da siyasa ta dawo da ita. Duk yayin nan a kan idona suka zo suka wuce, ban ga wanda ya hana yaron kirki zama mutumin kirki ba.

Iyaka ɗaya nake sa wa saurayi. In ya zo karɓar kaya ya gwada, nakan ce ya yi ruku'u, ya tsuguna, ya zauna zaman tahiya a nan cikin shago. In riga ta ɗage ta bar baya a waje, ko wando ya ja har yana neman yagewa, ba zai fita da su ba sai na ƙara masa. Yawancinsu dariya suke yi su yarda. Ban da wannan, launin da yake so da yankan da yake so hakkinsa ne, shekarunsa ne.

Aure ke fara sauya awo. Ango yakan zo da abokai, shadda yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando, ana ta gardamar wace hula za ta hau, zanna bukar ko damanga. Bayan shekara biyu tef ya fara ba da labari, ƙugun da yake 30 ya koma 34, daga baya 38. Sai kuma wani abin da ba a cika lura da shi ba, wanda ni yake taɓa min zuciya. Mutumin da a da yake kawo kala uku nasa shi kaɗai, yanzu zai shigo da leda cike da yadin yara, a auna wannan a auna wancan, in na ce, "Naka fa?" ya ce, "Bar nawa sai Babbar Sallah." Babbar Sallah ta zo, kuɗin ya tafi ga rago. Na san magidantan da suka yi shekaru suna fita Idi da kaftani ɗaya, sai dai a kai shi wanki a sa sitaci a buga, alhali 'ya'yansu ba su taɓa tsallake Sallah ba sabon kaya ba. Masu zagin suturar mutane ba sa ganin wannan.

Inda abin ya karye shi ne daga shekara arba'in zuwa sama. A da, mutum in ya kai nan, ya aurar ko ya kusa, ana kiransa sulhu da ɗaurin aure, to babbar riga ta zama kayansa na fita, ba na ajiya ba. Kuma riguna hawa-hawa ne. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi aska biyu, wanda ya fi shi ya yi aska takwas, malum-malum kuwa sai wane da wane. Mai zane ne zai fara zana aikin da alƙalami da tawada a kan aljihu da bayan wuya, sannan a miƙa wa masu ɗinkin hannu, irin na cikin birnin Zazzau da har mata ke yi a cikin gida, su yi watanni suna bin zanen da allura. In saƙi ce ko rinanniya, ta bi ta hannun marina irin na Ƙofar Mata, ta je wajen masu bugu su fito mata da ƙyalli. Riga ɗaya takan ciyar da gida biyar kafin ta hau jikin mai ita.

Ita kanta rigar tana gyara mutum. Mai babbar riga ba ya gudu, ba ya tsalle, ba ya cacar baki a bakin titi, don hannunsa na kan tattare riga yana ɗorawa a kafaɗa. Tafiyarsa takan nutsu. Kuma riga ce da ake tuɓewa a yi kyauta da ita, ake barin ta gado. Ba lallai sai mai tsada ba. Sardauna da manyan rigunansa da rawani, Malam Aminu Kano da fararen kayansa marasa ado da jar dara, kowa da hanyarsa, amma duk wanda ya ga hotonsu ya san dattawa yake kallo, kuma babu wanda kayansa suka matse shi.

Yau babbar riga ta koma kayan ranar ɗaurin aure da na 'yan siyasa. Ban ɗora wa kowa laifi shi kaɗai ba. Akwai kuɗi. Masaƙun Kaduna da ke ba talaka farin yadi da atamfa da araha sun mutu, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL ta bi ta a 2007. Shadda mai kyau irin Getzner daga Ostiriya take zuwa, mai araha daga Sin, duk da kuɗin waje ake sayo su, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 wanda ya shiga Kantin Kwari neman yadi goma ya san abin da ya tarar. Akwai kuma zirga-zirga, domin babbar riga ba ta jituwa da babur ko cunkoson Adaidaita Sahu. Waɗannan na yarda da su.

Amma kaso mai yawa namu ne, mu teloli. A zamaninmu yaro yakan yi shekaru yana sa maɓalli da guga da zura zariya kafin a bar shi ya taɓa almakashi, kuma ba za a sallame shi ba sai ya iya yanka wa yaro da saurayi da magidanci da tsoho, kowa da nasa. Yanzu wata shida, ya sayi keke, ya kama shago, yanka ɗaya ya iya, na ɗan shekara 25. Aiki kuma injin kwamfuta ne ke bugawa cikin ɗan lokaci, zane ɗaya a ƙirjin ɗa da uba. Sai ka ga mutum mai shekara 60, da furfurarsa da teɓarsa, cikin sanatar da ta ɗaure shi tamau, maɓallin ciki na neman tsinkewa, in an zo tahiya yana ta gyara zama. Shi bai nemi haka ba. Yadi ya bayar, abin da aka miƙo masa ke nan, kuma kunya ba za ta bar shi ya mayar ba.

Tsufa kuwa yana da nasa buƙatun da sai wanda ya auna tsofaffi ya sani. Kafaɗa takan ranƙwafa, don haka bayan riga yana son ƙari, in ba haka ba gaba ya yi ja baya ya ɗage. Yatsu ba sa iya ƙananan maɓallai. Fata ba ta son shadda mai tauri da sitaci, ta fi son boyel ko farin yadi mai laushi da iska ke ratsawa. Wando na zariya, mai saki, saboda yawan kewayawa da alwala. Aljihu mai zurfi da zai ɗauki carbi da goro da ƙullin magani ba su zube ba. Da yawa in sun dawo daga Hajji jallabiya suke komawa, kuma ba tsoron Allah kaɗai ke kai su ba, har da sauƙin sawa da cirewa.

Akwai wani dattijo da na daɗe ina yi wa ɗinki, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ɗansa, yaron kirki, ya saya masa shadda mai tsadar gaske, ya kai wa telansa na samari. Ranar Sallah aka yi ta fama, hannun da ya shanye ya ƙi shiga, wuya ya ƙi wuce kai, ƙarshe da tsohuwar rigarsa ya fita, ransa a ɓace, ɗan ma haka. Bayan Sallah suka kawo min. Na je gidan na auna shi a zaune, na buɗe wuyan har ƙirji, na faɗaɗa hammata, na cire maɓallan hannu gaba ɗaya. Da ya sa ta da hannu ɗaya ba tare da an taimaka masa ba, ya daɗe yana sa min albarka. Aikin bai kai na yini ɗaya ba, kuma duk telan da aka koya wa zai iya.

Maiɗakina ta ce in gaya muku a wajen mata ma haka abin yake, tun da anko ya zama dole. A fitar da atamfa ɗaya da salo ɗaya, ƙawar amarya ta sa, gwaggon amarya ma ta sa, alhali a da daga girman mayafi da ɗaurin kallabi kake gane budurwa da matar aure da uwar gida. Wannan fagen nasu ne, na bar musu su rubuto da kansu.

Roƙona ga 'yan'uwana teloli, musamman shugabannin ƙungiyoyinmu na Fagge da sauran unguwanni, kada a sallami yaro sai ya yanka babbar riga da hannunsa, ya kuma ɗinka wa tsoho kaya an gani. Masu ɗinkin hannu da masu zane sun fara ƙarewa, wanda Allah ya hore wa ya kai musu aiki ko da riga ɗaya ce a shekara biyu, tun suna raye suna koya wa na baya. Magidancin da ya haura arba'in kuma kada ya ji nauyin ce wa tela, "Ni ba yaro ba ne, sakar min."

Ku kuma 'ya'ya masu yi wa iyaye kayan Sallah, Allah ya saka muku da alheri. Amma kafin ku shiga kasuwa ku tambayi tsohon irin yadin da jikinsa ke so, kada ku bi tsada. Ku kawo shi a auna shi, in ba ya iya fitowa ku ɗauki tela ku kai shi gida, in hakan ma ya gagara ku ɗauko rigar da ya fi yawan sawa ku kawo mana, da ita za mu yi awo.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon tela,
Fagge, Kano.