Wasiƙa daga Argungu a kan zanen hunturu

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa hoton da ka turo mini daga gidan tarihin Vienna ya hana ni sukuni mako uku ke nan. Na san ka turo shi ne domin in ga irin sanyin da kake sha a Ostiriya, amma ni wani abu daban na gani a cikinsa.

Na daɗe ina duban zanen nan da Pieter Bruegel ya yi a 1565. Maharba uku sun dawo daga daji kai a sunkuye, ƙafafunsu na nutsewa cikin dusar ƙanƙara, karnukansu na biye da su a galabaice, kuma duk wahalar ba ta samar musu komai ba sai yanyawa guda. Can ƙasa jama'a na wasa a kan ruwan da ya daskare, sun koma kamar tururuwa a gaban duwatsu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda mai zanen ya bar sanyi da ƙasa suka fi mutum girma, bai kuma wulaƙanta mutumin ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki kayan zanena na sauka bakin kogin Matan Fada da sassafe. Hazo ya shafe ɗaya gaɓar kogin, rana ta fito fara kamar faifai, har ana iya kallonta da ido. Wani dattijon masunci ya tsuguna gaban wutar kara, homarsa da gorarsa a gefe, kaushi ya tsattsage dugadugansa, yana jiran ruwa ya ɗan saki kafin ya shiga. Wallahi sunkuyonsa ɗaya ne da na maharban nan. Ƙurar da ta lulluɓe shi iska ce ta kwaso ta tun daga hamadar Chadi, shi kuwa nasa haƙuri da jira.

Damuwata yanzu launin hazon ne. In na sa farin fenti zalla, sai Argungu ta koma Turai. In na ƙara jar ƙasa, sai ya zama kamar gobarar daji. Takarda biyar na ɓata ban dace ba.

Don Allah ka koma gaban zanen ka dubi sararin samaniyarsa da kyau, ka faɗa mini ko kore ne ko ruwan toka, domin waya tana sauya launi. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka amini,
daga Argungu.