Daga Katsina Zuwa Kalaba: Guzurin da Ba a Ba Ni Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da abin da ke cikina. Ni Bakatsiniya ce, haifaffiyar cikin birni, kuma yau shekarata uku da 'yan watanni a Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, inda aka yi wa maigidana canjin wurin aiki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wayar da 'yar ƙanwar mahaifiyata ta bugo mini makon jiya tana kuka. An turo mijinta nan Kudu, kuma duk wanda ya shiga yi mata sallama sai ya shiga da fuskar ta'aziyya.

Haka aka yi mini ni ma. Addu'a dai na sha ta, Allah ya saka wa kowa da alheri. Gargaɗi kuma ya fi cikin kwando: kada ki ci naman da ba ki san wanda ya yanka ba, kada ki bar yara su shiga gidan kowa, kada ki yi shanya a waje a yanki ƙyallenki a kai wa boka. A cikin masu wannan gargaɗi babu wanda ya taɓa wuce Abuja. Kuma babu ko mutum ɗaya da ya ce mini, "Ki yi shirin ruwa."

Mun sauka a watan Fabrairun 2022, ƙarshen ɗan guntun ranin da suke da shi. Na zo da buhun kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu, da kilishin da Inna ta sa aka yo mini. Na jera komai a kicin yadda na saba jerawa a gida, a leda da kwanon samira. Kafin Afrilu ya ƙare ruwa ya kankama, bai kuma ɗauke da gaske ba sai wajen Nuwamba. Ruwan da ke sauka a Kalaba a shekara yana kusan milimita 3,000, namu na Katsina kuwa a yawancin shekaru bai kai 800 ba. A takarda wannan lissafi ne kawai. A cikin ɗaki na san ma'anarsa, ranar da na jawo akwatin lefena a watan Yuli zan shirya zuwa wani suna. Ina ɗaga murfi wani wari ya buge ni. Takalman fata guda biyu da ban taɓa sawa ba sun yi kore shar da fumfuna kamar an shafa musu miyar kuka, jakata ta yi furfura, atamfofin da ke ƙasa sun yi ɗigo-ɗigon baƙi. Na ruga na duba gafakar Alƙur'anin maigida, ita ma ta kama. A kicin kuwa kuka ta dunƙule ta zama dutse, gishiri ya koma ruwa, kilishi sai dai bola. Na zauna daɓas a tsakar ɗaki na yi kuka mai isata, kuma na san ba don takalmi kaɗai nake yi ba.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Efik da ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ta jiyo ni ta ƙwanƙwasa. Da ta ga abin da ya faru sai ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta zauna ta karanta mini abin da yaro ɗan shekara bakwai ya sani a garin. Ba a jingina akwati da bango, ba a ajiye shi a ƙasa sai an yi masa matashi da katako. Duk wani busasshen abu sai roba mai murfin da ke kamewa. A jefa 'yan ƙwayoyin shinkafa a cikin gishiri. Rana na leƙowa a bar duk abin da ake yi a fitar da katifa da takalma. Mu da muka saba kafin ki gama wanke bokiti na biyu shanyar farko ta bushe, nan zani yakan kwana uku a igiya, ƙarshe sai dutsen guga ya ƙarasa aikin, in an kawo wuta ke nan.

Amma ruwan nan da ya ci mini lefe shi ya ba ni lafiyar ɗana. Babban yarona yana da asma, kuma a gida duk hunturu sai mun kwana asibiti aƙalla sau biyu, yana numfashi kamar ana busa sarewa. Tun da muka zo bai kwanta ba ko sau ɗaya, don ƙurar hunturu da ƙyar take isowa nan, in ta zo ma kwana kaɗan ne. Faso ya bar ƙafata. Na manta da leƙen mai kura da lissafin jarka, don ruwan indararo kaɗai yana cika mini duro biyu kafin a idar da sallar la'asar. Azumi ma ya fi sauƙi, babu ƙishin nan na watan Afrilu da ke busar da maƙogwaro tun hantsi. Abin da muka biya a madadinsa shi ne sauro da ƙurajen gumi. Gidan sauro a nan babu rani babu damina.

Garin kuma yana da tsabta da itatuwa, in ka cire wasu unguwanni, kuma tun zamanin Gwamna Liyel Imoke aka hana acaba a tsakiyar birni, don haka babu hayaƙi da hayaniyar da muka saba.

Sai kasuwa, inda albashi ke gane kurensa. Tumatir, tattasai, albasa, wake, gero da nama duk daga Arewa suke zuwa, su bi ta Lafiya da Makurɗi, su gangaro Ogoja, Ikom da Ugep kafin su iso. Kowane rami da kowane shingen da motar ta wuce, a kan kwandon tumatir ake ɗora kuɗinsa, kuma bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙara ta'azzara. Albasar da a gida mai kayan miya ke jefa miki gyara, nan ƙirga ta ake yi ɗaya-ɗaya a kasuwar Watt. Shekarar farko na kafe a kan sai na yi girkin gidanmu, tuwon masara miyar kuka, shinkafa da miyar dage-dage, ɗanwake ranar Asabar. Kafin ashirin ga wata mun fara kallon juna ni da maigida. Alhali ga manja mai kyau, ga garin kwaki, agada, abarba, kifi ɗanye da busasshe, ga ganye iri-iri, duk da sauƙi. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Yanzu ina yin miyarsu ta edikang ikong da ganyen ugu da naman da na sayo wurin mahautanmu, yara har suɗe kwano suke. Ƙananan dodon koɗin da suke zubawa a miya suna tsotsa ne dai har yau na kasa, kuma ba na jin zan iya.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda dangi ke ɗauka duk wanda ke wannan yanki a cikin kuɗin mai yake iyo. Kuros Riba ba ta cikin jihohin da ake ba kason masu arzikin mai. An miƙa yankinta na Bakassi ga Kamaru a 2008, sannan a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da ake taƙaddama a kansu. Akwa Ibom ɗin nan kuwa daga jikin Kuros Riba aka cire ta, ranar 23 ga Satumban 1987, rana ɗaya da aka cire mana Katsina daga Kaduna. Don haka garin ma'aikata ne da ke jiran ƙarshen wata kamar namu. Sai dai a Disamba ya cika ya batse saboda bikin kanibal da Gwamna Donald Duke ya faro a 2004, kowa ya ɗan samu na cefane, Janairu a koma gidan jiya.

Hausawa muna da unguwarmu, Bogobiri, wadda dattawan wurin ke cewa daga "Bagobiri" sunan ya fito. Akwai masallacin Juma'a, 'yan canji, mahauta, masu shayi, da tsiren da har 'yan gari ke yi wa layi da dare. Maigidana cikin mako biyu ya samu majalisa. Amma Bogobiri ta maza ce. Ni da nake zaune a gidan haya mai hawa biyu can nesa da ita, ƙofa a kulle, get a kulle, sai na wuni ban yi Hausa da babban mutum ba. A gida ƙofarmu ba ta rufuwa. Wannan ta aiko yaro aron turmi, waccan ta shigo barka, ga kwanon tuwo na zagaya gidaje da magariba. Ban san wannan zirga-zirga dukiya ba ce sai da na rasa ta. Ita ce ta kusa mayar da ni gida a watanni shida na farko, ba tsada ba.

A shekara ta biyu na haihu. Naƙuda ta zo da mako biyu kafin lokacin da aka ɗiba, Inna tana can ba ta ko ɗaure kaya ba. Aka sallamo ni daga asibiti ana tsuga ruwa, maigida ya tsaya tsakar falo da jaririya a hannu bai san inda zai sa kansa ba. Washegari da asuba sai ga ƙwanƙwasa. Dattijuwar nan ce da tukunyar ruwan zafi a hannu da tawul a kafaɗa. Ta ce, "Amesiere," wato ina kwana, ta tura maigida waje, ta gasa mini jiki yadda ya kamata, ta yi wa jaririya wanka tana yi mata waƙa da yarensu. Da rana ta dawo da farfesun kifi mai yaji, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kifi ne zalla, kuma a sabuwar tukunya ta dafa, don ta san mu da kiyaye abin da muke ci. Ban taɓa yi mata wannan bayani ba. Kwana tara tana wannan hidima kafin Inna ta iso da kanwa da garin kunu ta karɓi wankan jego. Su biyun babu mai jin yaren wata, amma sai na jiyo su a kicin suna ta dariya, Inna na nuna mata damun kunun kanwa. Ran da Inna za ta koma, kalma ɗaya ta iya, "Sosongo," na gode, ta kuwa faɗe ta ya fi sau goma.

Ba na so in yi wa kowa daɗin baki. Akwai abin da har gobe ke ci mini rai. Ni malamar firamare ce, shekara takwas ina koyarwa, amma aikin jiha ba ya bin mutum ƙetare iyaka, kuma a nan kafin a dubi takardar karatunki sai an tambayi takardar asalinki. Yanzu a wata makaranta mai zaman kanta nake, da rabin abin da nake samu a da. 'Yata da aka yanke wa cibiya a Kalaba, ran da za ta nemi takardar 'yar asalin jiha sai ta je ƙaramar hukumar kakanta. Na yi ta ƙorafi a kan wannan har ran da na tuna 'ya'yan wani Ibo mai kanti a unguwarmu, waɗanda aka haifa a Katsina, suka fi ni iya karin magana, kuma su ma haka muke yi musu. Daga ranar na rage baki. Haka kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke kiran duk Bahaushe "aboki" da wata irin murya da ba ta abota ba.

Tsaro kuwa, a nan ma ana satar mutane jefi-jefi, kuma 'yan ƙungiyar asiri kan yi faɗa a wasu unguwanni. Amma cikin waɗanda suka fi tausaya mini ran da zan taho har da dangin Inna na wajen Batsari, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu suka dawo cikin birni zaman haya.

Abin da ba shi da magani shi ne nisa. Mota kusan kwana biyu ce in hanya ta yi kyau, jirgi kuma sai an sauka Abuja, ga kuɗinsa ba na malamar makaranta ba ne. Bara kawuna, wanda ya ba da aurena, ya rasu bayan sallar asuba. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, ni kuwa ina tsaye a kicin da waya a kunne. Sadakar uku ma a hanya ta same ni.

Roƙona gare ka, Edita, ka buɗe wani ɗan shafi da mutanenmu mazauna wasu jihohi za su riƙa rubuto yadda zama yake a inda suke: kuɗin haya, inda masallaci da mahauta suke, makarantar da za a sa yara, cutar da ta fi damun wurin, abin da za a taho da shi da wanda za a bari. Kowace shekara ana tura 'ya'yanmu bautar ƙasa, ana yi wa sojoji, 'yan sanda da ma'aikatan tarayya canjin wuri, mata na bin mazajensu, kuma yawancinsu da jita-jita kawai suke tafiya.

Ita dai 'yar'uwar tawa na ce ta share hawaye ta bar takalman fata da manyan atamfofi a ɗakin mahaifiyarta. Ta sayi robobi masu murfi guda goma, gidan sauro uku, lema babba, ta taho da kuka da daddawa daidai na wata biyu kawai. Na kuma ce ran da ta sauka, kafin ta kwance kaya, ta zuba dabino da ɗan turaren wuta a faranti ta ƙwanƙwasa ƙofar da ke kusa da tata.

Wassalam.

Taku mai karatu a kullum,
daga Kalaba, Jihar Kuros Riba.