Gadar jirgin ƙasa da ta ƙone, da tambayata kan layin Kano zuwa Maraɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka. Ni Bakano ne, tirela nake ja a jihar Kalifoniya ta Amurka. Duk sanda na karanta labarin aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, sai wata gada da ke kan hanyata ta faɗo mini a rai.

A ƙarshen watan Yunin 2021 tsawa ta tayar da gobarar daji a gindin Dutsen Shasta. Wutar ta lashe katakon gadar Dry Canyon ta kamfanin jiragen ƙasa na Union Pacific, kusa da garin Weed, ta kuma illata ƙarafanta. Tsawon gadar ya haura ƙafa 1,000, kuma ta kanta jiragen kaya ke bi tsakanin Kalifoniya da Oregon. Dare ɗaya hanya ta yanke. Aka koma zagayawa da jirage ta Salt Lake City, kamar a ce mai zuwa Kaduna daga Kano ya bi ta Maiduguri. Kaya suka riƙa makara. Mu direbobi kam, ba zan ɓoye ba, kakarmu ta yanke saƙa, don lodi ya ƙaru.

Da farko an ce gyaran zai kai farkon Satumba. Ranar 1 ga Agusta jirgi ya haye. Ba tausayin 'yan kasuwa ya sa mutanen Union Pacific aiki dare da rana ba. Layin nasu ne, kowace ranar da tarago ya kwana a tsaye daga aljihunsu asarar take fita.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a tarago yake loda fatu daga Kano zuwa Ikko. 'Ya'yan abokan sana'arsa yau sai tirela, su bi ta Mokwa da Jebba, su sha ramuka da shingayen karɓar kuɗi, mai saye kuma ya biya.

Don Allah, Malam Edita, ku tura wakilinku ma'aikatar sufuri da wannan tambaya. Ranar da ambaliya ko gobara ta taɓa wata gada a sabon layin, wa zai gyara, da kuɗin wa, cikin kwana nawa? Akwai ƙarfe da injinan ɗaga kaya a ajiye, ko sai an jira kasafin kuɗin baɗi? In kun samo amsa ku buga, ina karanta ku ta intanet.

Naku,
Wani direban tirela,
Sakramento, Amurka