Wasiƙa zuwa ga aminiyata a Damagaram

Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Aminiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarmu, wadda har yanzu ban gan ta ba sai a hoto. Ina ƙara yi miki barka da arziki, Allah ya raya ta, ya sa mai jin ƙan iyayenta ce. Na saurari saƙon muryar da kika aiko mini har sau uku, kuma sau biyu ina fara mayar miki da amsa yara suna katse ni, shi ya sa na bari sai da suka yi barci na zauna na rubuta, domin tambayarki ba ta amsuwa a tsaitsaye.

Kin ce kin gama wankan jego kin koma ɗakinki, wai zaman banza ya ishe ki, kina son ki fara sana'ar kayan gara irin tawa. Wannan kalma ta zaman banza ta ba ni dariya, domin ban san macen da ke shayarwa dare da rana ba kuma a ce tana zaman banza. Kin kuma tambaye ni yadda nake haɗa goyo da kasuwanci ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba. Ba zan ɓoye miki ba, sun sha cin juna, kuma ba kasuwancin ne ya fi cutuwa ba.

Kin san ba sha'awa ce ta shigar da ni wannan sana'a ba. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda cutar korona, aka rufe kasuwanni har da Kantin Kwari inda maigida yake da ɗan shagonsa, kuma azumi ya kama muna cikin wannan hali. Da cincin ɗin Sallah na fara, ina yi wa maƙwabta, daga nan wata da za ta aurar da 'yarta ta tambaye ni ko na iya alkaki da nakiya. Na tuna yadda Inna take yi muna yara, na ce na iya, alhali rabona da kirɓa nakiya tun ina gida.

Tun ranar farko na ɗaukar wa kaina alkawari guda. Kin tuna yadda muke zaga unguwa da sassafe, ni da farantin ƙosai ke da na ƙuli-ƙuli, mu isa makaranta an riga an shiga aji, a tare mu da bulala a bakin ƙofa. Ban taɓa ganin laifin iyayenmu mata ba, domin suna cikin kulle, ƙafar 'ya'yansu ita ce ƙafarsu zuwa kasuwa, kuma da kuɗin tallan nan aka yi mana kayan ɗaki. Duk da haka na rantse 'yata ba za ta ɗauki faranti ba. Waya ta sauƙaƙa mini cika wannan alkawari: in ɗora hoto a WhatsApp, mai so ta yi magana, ta turo kuɗi, ɗan adaidaita sahu ya kai mata kaya har gida. Na daɗe ina alfahari da haka, ina ganin na fi iyayenmu dabara.

Abin da ya sauke mini wannan alfahari ya faru ne a wani watan Sha'aban, lokacin da kowa yake rububin aurar da 'yarsa kafin azumi. Kwaɗayi ya sa na karɓi gara huɗu a mako guda, kuma a lokacin autana yana da wata goma sha ɗaya, yana rarrafe. Daren Alhamis babu wuta, na jingina waya da bango tana haska mini kasko, ina tsame dubulan daga mai, yaron yana goye a bayana. Na ji bayana ya ɗauki zafi, amma na ɗauka hucin murhu ne. 'Yar farin nan tawa, tana da shekara tara a lokacin, tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana juya ruwan sukari da lemon tsami tana gyangyaɗi, ga shi sha ɗayan dare ta wuce, kuma washegari tana da jarrabawa. Sai ta ɗago kai ta ce, "Umma, jikinsa da zafi tun la'asar, na gaya miki kina waya." Na kwance zanin goyo na sauke shi, na ga idanunsa sun yi laushi, numfashinsa yana fita da sauri. Ko wutar ban tsaya kashewa ba, maƙwabciyata ce ta shigo ta kashe.

A asibiti suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka kwantar da mu kwana uku. Alhamdu lillahi ya warke sarai, yanzu ma shi ne ya fi kowa ɓarna a gidan. Amma har gobe ba na manta lokacin da ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni yaushe zazzaɓin ya fara, da abin da ya ci tun safe, na buɗe baki na rasa amsa, sai yarinyar ce ta amsa mata dalla-dalla. A kan bencin asibitin nan na fahimci cewa na raba ta da titi ne kawai na kai ta madafa, na mayar da ita 'yar raino da 'yar aiki ba tare da na sani ba. Mu a zamaninmu in talla ya ƙare mukan dawo mu tarar da uwa tana jiran mu. Ita kuwa tana tare da ni a gida wuni guda, amma hankalina yana wurin masu ciniki. Gara ɗaya daga cikin huɗun ta makara, uwar amarya ta gaya mini maganganun da ba sa maimaituwa, na mayar mata da wani abu daga kuɗinta na ba ta haƙuri, kuma ba ta sake dawowa ba.

Bayan mun dawo gida na sake tsarin komai. Abu na farko, kuma wanda ya fi yi mini wuya, shi ne ɗaukar masu taya ni aiki, domin a raina ina ganin babu hannun da zai murza alkaki kamar nawa, kuma ina ƙyashin kuɗin da zan biya. Malamarmu ta Islamiyya ce ta warware mini wannan. Ta ce mata suna yawan kafa hujja da Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, cewa 'yar kasuwa ce, amma suna mantawa da cewa ba ita take bin ayari zuwa Sham ba, mutane take ɗauka ta ba su dukiyarta su yi fatauci, kuma ta haka ne ma ta san amanar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Yanzu mata biyu ne suke zuwa, ɗaya mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ina biyan su a kan kowane aiki. Alkakin ɗayarsu ya fi nawa kyau, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba.

Sannan na yanke cewa ba na karɓar fiye da gara biyu a mako, ko nawa za a biya. Suya da safe ake yin ta, bayan manyan sun tafi makaranta, a wani lungu da na sa aka kewaye aka sa masa ƙofa, domin kaskon mai da yaro mai rarrafe ba sa zama wuri ɗaya. Daga magariba har yara su kwanta wayata tana cikin ɗaki a kashe. Na yi asarar masu ciniki saboda wannan, musamman masu son a amsa musu da tsakar dare, amma waɗanda suka saura sun saba.

Batun kuɗi kuwa, ki saurare ni da kyau. Shekarata ta farko ina ta aiki ban san ko riba nake ci ko faɗuwa ba, domin daga jaka ɗaya nake sayen fulawa in sayi takalmin makaranta in yi gudummawar biki. Ki sami littafi ki rubuta komai, har kuɗin niƙa da gawayi, ki yanka wa kanki albashi, sauran kuma ki ɗauka ba naki ba ne. Kada ki ɗora tukunya sai an ba ki kafin alƙalami, aƙalla rabi, kuma wannan doka ta fi ƙarfi a kan dangi, domin bashin 'yar uwa ba ya tambayuwa sai zumunci ya taɓu. Shekarar 2023 ta koya mini sauran. A farkonta aka yi ƙarancin takardun naira saboda canjin kuɗi, kuɗina suna banki amma mai injin niƙa da mai gawayi ba sa karɓar komai sai tsaba, na sha tsayawa layin masu POS da yaro a hannu. Daga 29 ga Mayu kuma, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin kai kaya ya hau, sukari da fulawa da mai a Kasuwar Singa suka riƙa sauya farashi tsakanin ranar da aka yi ciniki da ranar da zan saya. Tun daga nan, ranar da aka ba ni kafin alƙalami ranar nake aikawa a sayo kayan aiki. Ina kuma zubin adashi guda ɗaya tak, wanda kwasata take faɗowa daidai lokacin komawa makaranta.

Ki zauna da maigidanki tun kafin ki fara, ku yi magana a fili. Ci da sha da sutura haƙƙinsa ne, abin da kika samu naki ne, in kin taimaka kyautatawa ce. Na faɗi haka ne domin na ga gidajen da mace ta fara samu, sai kuɗin cefane ya riƙa raguwa a hankali ba tare da kowa ya ce uffan ba, har a wayi gari ita ke riƙe da gida ga goyo ga sana'a. Nawa maigidan bai yi haka ba, amma mun taɓa yin kwana biyu ba ma ga maciji saboda abincin dare da ya riƙa makara, kuma da na duba na ga yana da gaskiya. Surukata ma da farko takan ce ƙamshin man suya ya kori ƙamshin turare daga ɗakin ɗanta. Yanzu ita ce take riƙe mini auta in aiki ya yi yawa, kuma kasonta na nakiya ba ya yankewa.

Shawarata gare ki ita ce ki dakata har yarinyar ta cika wata shida, wato lokacin da ma'aikatan lafiya suke so a ba jariri nonon uwa zalla, kuma kafin nan kin gama kai ta allurar rigakafi ta mako shida da goma da sha huɗu. Wannan lokaci ba ya dawowa, biki kuwa ba ya ƙarewa a Damagaram. In kin tashi farawa, ki fara da nakiya da yaji da garin kunu, domin ba sa buƙatar tsayuwa a kan mai mai tafasa, kuma nakiya tana daɗewa ba ta lalace ba, kina iya yin ta ranar da kika sami sarari ki ajiye. Kirɓin dai ki nemi mai ƙarfi ta yi miki, kada ki taɓa taɓarya yanzu. Dubulan da alkaki ki bar su sai ta fara tafiya ta san wuta.

Kada ki ɗauka na gama gyara komai. A zangon da ya wuce an yi musabaƙa a Islamiyyar su yarinyar, na tsaya sallamar wata mai gara, na isa ta riga ta sauko daga karatu. Ta zo ta biyu, ta miƙo mini kyautarta ba ta ce komai ba, ni ma ban sami abin cewa ba, muka hau adaidaita sahu muka dawo gida shiru. An ce za a sake yin wata kafin azumi, wato daidai Sha'aban, kuma tun yanzu na gaya wa mutum biyu cewa ba na karɓar aiki a wannan makon.

Na haɗa miki ɗan bokitin nakiya da alkaki, zan bayar ta hannun direban da yake bi ta Daura in ya tashi ranar Asabar, da takardar da na rubuta ma'aunin komai a ciki. In za ki ba shi saƙo a dawowa, ki taimaka ki tambayar mini kuɗin zuma mai kyau a wajenku, domin wadda nake samu a nan ta fara yawan haɗi. Ki gaishe mini da maigidanki da su Hajiya, ki shafa mini kan ɗiyata. Yara suna gaishe ki, babbar ta ce a gaya miki tana nan tana jiran hutu a kawo ta ta ga ƙanwarta.

Wassalam.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Kano.