Samarinmu masu kiwon raƙuma a Saudiyya

Assalamu alaikum Malam Edita. Daga Riyad nake rubutowa kan yaranmu masu kiwon raƙuma, don mutanen gida gani suke duk wanda ya zo Saudiyya a gindin Harami yake kwana. Ɗan ƙanwata yana can cikin yashin Dahna, daga shi sai tanti da tankar ruwa, ya iya tatsa, daga tafiyar raƙumi yake gane ba shi da lafiya, kuma wallahi yana son dajin nan musamman lokacin sanyi in ciyawa ta fito. Amma zafi kan haura digiri 45, ga MERS, wata cutar numfashi da aka gano a 2012 wadda ake ɗauka jikin raƙuma, yawancin yaran ko sunanta ba su sani ba. Don Allah iyaye ku riƙa tambayar aikin da ke rubuce a biza da ko waye kafilin, wato ubangidan da zai ɗauke shi aiki, kafin yaro ya hau jirgi.

Wani mai karatu, Riyad