Wasiƙa daga Faris zuwa Damagaram

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka karanta wa Inna wannan a tsanake, don ita ce ta yi ƙorafi a waya wai ban san ko'ina a garin nan ba sai hanyar wurin aiki da ta makwanci. To Inna, ki sha kuruminki, ɗanki ya fara taka gari.

Lahadin da ta wuce na je kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, can arewacin birni. Metro, jirgin nan mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, mai lamba 4 ake shiga, a sauka a tashar ƙarshe, Porte de Clignancourt, a bi ta ƙarƙashin gadar babban titin da ya kewaye Faris. Asabar, Lahadi da Litinin take ci. Asalinta masu tsince-tsince a bola ne da aka kora bayan ganuwa suka baje kolinsu a wurin, tun wajen 1885. Yau attajirai ne ke tasowa daga Amurka takanas domin ta.

Bakin kasuwar bai ba ni sha'awa ba. Takalma ne da riguna na jabu, da samari masu tura maka waya a fuska, da 'yan caca da ke jiran baƙo. Hannuna bai bar aljihu ba. Sai ka kutsa lungunan da ake kira Vernaison ka ga ainihin abin: agogunan bango, faifan garmaho, keken ɗinki na Singer irin na Goggo, fitilar ƙwai, har da dutsen guga na gawayi, an goge shi an ɗora a kan kanta kamar kayan ɗakin amarya. Ba don guga ake sayensa ba, ado ne na falo. A sashen Biron kuwa ko tayi ban yi ba, kujera guda ta fi albashina na wata.

Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A wani shago na kayan Afirka, tsakanin sarƙoƙin azurfa na Agadas da tsofaffin zabira na fata, na ga akushi. Baƙi wuluk, bakinsa ya cinye don tsufa, gefe ɗaya ya tsage an ɗinke da waya. Na ɗauka na shinshina, wallahi har yanzu da sauran ƙaurin hayaƙi a jikinsa. Na tambayi kuɗi, mai shago ya ce yuro 200, wato sama da jaka 130 na kuɗinmu. Na nuna masa tsagewar ina neman ragi, ya ce ai ɗinkin nan ne ma ya sa ya yi tsada, shi ke nuna an ci abinci a ciki. Bai san garin da aka samo shi ba, bai kuma damu ya sani ba. Raina ya ɗan sosu. Wata tsohuwa ce ta ba da shi a bakin robar wanka guda, na tabbata.

Saboda haka ina roƙonka, akussan Kaka da ke bayan rumbu, da tasoshin tagulla, da sirdin Baba, kada a ba dillalan nan masu yawo gida-gida, ko sun yi daɗin baki. Ba cewa nake a kawo nan a sayar ba. A wanke su, a shafa musu mai, a shigar da su ɗaki kafin damina.

Ciniki dai ana yi, sai dai ba mai ce maka "albarka", ɗaga kafaɗa kawai suke yi. Na samu rigar sanyi mai kauri, daga yuro 30 muka daidaita a 15, kusan jaka goma ke nan.

Hasumiyar Eiffel na gan ta. Ƙarfe ne zalla, mita 330, tun 1889 take tsaye, da dare tana walƙiya minti biyar a kan kowace awa. Layin masu hawa ya yi tsawo, na yi hoto daga ƙasa na wuce. Wurin da na daɗe shi ne babban masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙin duniya na ɗaya. A can na yi la'asar, na sha shayin na'a-na'a, na sa ku duka a addu'a. Da zan koma gida na sauka a Château Rouge, unguwar da ake sayar da kayan abincin Afirka, na sayi kuɓewa da busasshen kifi.

Kuɗin makarantar Auta za su iso ƙarshen wata in sha Allah. Ka aiko mini da hoton akussan nan ta WhatsApp in kun fito da su. A gaida Goggo, a gaida Malam, a tambayi Inna ya ciwon gwiwa.

Ƙaninka.