A daina kashe fim ɗin leƙen asiri wajen fassara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi magana da masu fassara fina-finai zuwa Hausa, waɗanda aikinsu ya cika shagunan masu tura fim a waya daga Jekadafari har Pantami. Yadda ake fassara fim ɗin faɗa ba zai yi wa fim ɗin leƙen asiri ba, balle wanda jarumarsa mace ce. Zan kafa misali da Agent Carter, domin duk inda ake tuntuɓe yana cikinsa.

Tashar ABC ta Amurka ce ta fara nuna shirin a Janairun 2015. Zangon farko kashi 8 ne, na biyu kashi 10, aka dakatar da shi a 2016. An ɗauko jarumar shirin, Peggy Carter, daga mujallun labari cikin zane na kamfanin Marvel, Hayley Atwell ta fito a matsayinta. Labarin ya soma a New York a 1946, an gama yaƙin duniya, mazan ofishin leƙen asirin da take aiki sun mai da ita 'yar aike, ta ɗauki waya, ta jera takardu, ta karɓo musu abincin rana. Ita kuwa da wannan rainin take fakewa tana binciken zargin da aka yi wa attajiri mai ƙera makamai Howard Stark na sayar wa abokan gaba makamai. Ke nan daɗin shirin yana bakin mutane, duka da harbi ƙari ne kawai.

To a nan fassara ke fara karkacewa. Turanci kalma ɗaya yake da ita wajen kiran wanda ake magana da shi, mu muna da kai, ke da ku, kuma wajibi ne mai fassara ya zaɓa. Abokan aikinta "ke" za su riƙa ce mata, a gajarce, da gatse. Jarvis, hadimin Stark da ke taimaka mata, mutumin Ingila ne kamar ita, mai tsananin ladabi, bakinsa "ranki ya daɗe" ya dace da shi. In aka ba su harshe iri ɗaya, mai kallo ba zai gane abin da ke ƙona mata rai ba. A rubuta wannan a takarda tun kafin a shiga ɗakin ɗaukar murya: wa ke kiran wa da me, daga kashi na farko har na ƙarshe.

Sai muryar jarumar. Don Allah a nemo mace, a biya ta, a bar ta ita kaɗai a kan wannan rawa. Namiji mai maƙale murya ba zai iya ba, domin Peggy kan sauya harshe in ta yi shigar burtu; a kashi na farko ta sa gashin kanti mai ruwan zinare ta koma magana irin ta Amurkawa don shiga wani gidan rawa. Mai fassara na iya nuna haka da sauya karin harshe, misali daga Kananci zuwa Sakkwatanci. Akwai kuma wurin da ake jin wasan kwaikwayon rediyo, wata mace na kururuwar a cece ta, a daidai lokacin da Peggy ke tumurmusa ƙato. Muryoyi biyu ake buƙata a nan, ta rediyon a rage mata kauri ta fito kamar daga tsohon akwati. In mutum ɗaya ya karanta duka, wurin ya mutu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kashe sautin asali gaba ɗaya duk lokacin da ake magana. Takun sawu, ƙarar keken rubutu, motsin ƙofa, duk su tafi, alhali da su ake tsorata mai kallo. Wanda ya sayi izini daga masu shirin, wato Disney, ana ba shi kiɗa da sauran sautuka daban, babu magana a ciki. A kwafi mai layin sauti shida kuwa, yawancin magana tana layin tsakiya, shi kaɗai za a rufe.

A kuma duba gudun hoto kafin a fara. Shirye-shiryen Amurka irin wannan suna tafiya a hoto 23.976 cikin daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuma 25. In aka ɗauki murya a kan wannan aka ɗora a kan wancan, kowane minti baki da magana za su raba hanya da kusan daƙiƙa biyu da rabi. Kafin a kai minti goma, mutum ya rufe ƙofa ya fita ana jin maganarsa. A daidaita gudun hoton tukuna, sannan a ɗauki murya a kansa.

Jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, saboda haka a ƙirga gaɓoɓi, a datse, kada a sa mai karatu gudu. Inda aka nuna fuska kusa kuma leɓe ya haɗu, a nemo kalma mai b ko m. Makirufo ya kasance taƙi ɗaya daga baki, a rataya barguna a bango, janareta kuma a kai shi can bayan gida, don gurnaninsa in ya shiga murya da wuya ya fita.

Malam Edita, ina roƙon ku gayyato masu wannan sana'a cikin shirinku na fina-finai, ku sa musu minti biyar na asali da minti biyar na fassara, masu kallo su kira waya su faɗi abin da suka ji ya ɓace.

Wassalam,
Mai kallonku daga Jekadafari, Gombe